Igiyar Sarjan Mumuni

A barikin masu kashe gobara na Tawa, waɗanda mutanen gari ke kira pompiye, ba wuta ce ta fi cin ƙarfinsu ba. Gobara takan tashi, a je a kashe, a dawo ana tari. Amma Adar ƙasar rijiyoyi ce masu zurfi, gaba talatin, gaba arba'in, wata in ka leƙa ba ka ganin ruwan sai ɗan ƙyalli can ƙasa. Da wuya wata ya wuce ba a kira su ba: akuya ta faɗa, guga ya ja mai jan ruwa, ƙasa ta rufta da mai haƙa. In irin wannan kira ya zo ba a tsayawa tambayar wa zai sauka, kowa ya san Sarjan Mumuni ne.

Shekararsa goma sha tara a aikin. Ubansa mai haƙar rijiya ne a Bambeye, saboda haka tun yana ƙarami ya san warin ƙasar da za ta riƙe da wadda za ta ci amana. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, yana tafiya kamar wanda ya san ana kallonsa, kuma lalle ana kallonsa. In ya ratsa kasuwa mahauta sukan ɗaga masa wuƙa su gaishe shi, tsofaffin mata su bi shi da addu'a. Yana jin daɗin haka, ba ya ɓoyewa. Ni dai ban ga laifin mutum ya yi taƙama da abin da ya sayo da ransa ba.

Sai dai mai sauka rijiya rabin mutum ne, sauran rabin yana sama. Akan kafa ƙarfe mai ƙafa uku a bakin rijiyar, a ratsa igiya ta kansa, mutum huɗu su jeru suna saki suna ja. Na gaba, wanda hannunsa ya fi kusa da baki, shi ne mai riƙo, shi ke cewa a saki, a tsaya, a ja. Shekara goma sha huɗu Kaporal Alƙasum ne mai riƙon igiyar Mumuni. Dattijo ne mai furfura, ba shi da yawan magana, kuma yana da wata ɗabi'a da manya suka gaji da hana shi: da zarar Mumuni ya ɓace cikin rami sai ya cire safar hannu ya dafa igiyar da yatsu tsirara. Mumuni ya girme shi a galo, wato muƙami, shi ya girmi Mumuni a haihuwa, don haka a gaban mutane yakan ce Sarjan, Mumuni kuma ya ce masa Tsoho.

Abin da ya karya Mumuni ya faru ne a wani ƙauye gabas da Kalfu, da rani. Wani mai haƙa, Idi, yana yasar rijiya sai gefe ya zubo ya binne shi har ƙirji. Mumuni ya sauka da hantsi ya same shi da rai, har yana iya magana. Ba a sa shebur a irin wannan wuri, don haka da hannu ya yi ta yaye yashi yana cika bokiti ana ja. Awa uku suna tare a ƙasa. Idi ya ba shi labarin gonarsa ta albasa, da ɗiyarsa da ta fara tafiya, har ya yi masa alkawarin buhu guda in sun fita. Mumuni ya tone shi har ƙugu, ya kama hannunsa yana shirin ɗaura masa ɗamara, sai gefen ya sake zubowa. Daga sama Alƙasum ya ce a ja, aka ja da ƙarfi. Mumuni ya ji yatsun Idi suna zamewa daga nasa ɗaya bayan ɗaya. Sai washegari aka fito da gawar.

A bariki akwai yadda ake yi bayan irin wannan rana, ba wanda ya rubuta shi amma kowa ya sani. A wanke mota, a shanya igiya, a ɗora shayi. Adjidan, shugaban barikin, ya zo ya dubi kowa ya ce, "Lahiya?" kowa ya ce, "Lahiya lau, mon adjidan." Shi ke nan an rufe. Wanda ya mutu kwanansa ne ya ƙare, wannan gaskiya ce, kuma ana faɗinta da zuciya ɗaya. Abin da ba a faɗi shi ne yadda mai rai zai yi da hannunsa da aka zame daga ciki. Mumuni ya ce lafiya lau da murya mai ƙarfi, ya sha shayinsa har kofi na uku.

Matarsa Kaltumi ce ta fara gani. Mutumin da ke cin tuwo kwano guda ya koma tsakura. Ta yanka albasa a tsakar gida, ya tashi ya fita ba ko sallama. Wata rana da la'asar ɗiyarsu Samira ta sunkuya cikin randa tana ɗebo ruwa, ya daka mata tsawar da ta sa yarinyar ta saki moɗa ta ruga ɗaki tana kuka. Shi kansa ya tsaya yana kallon randar, kunya ta rufe shi.

"Baban Samira," in ji Kaltumi bayan yara sun fita, "ruwa ba ya tsami banza. Tun da kunka dawo daga Kalhu ba kai na ba."

"Tansiyon na," ya ce, yana nufin hawan jini. "Gajiya ta yi yawa."

Ya je aka auna jininsa, aka ce ya fi na saurayi kyau. Ya je wurin malaminsa, malam ya yi masa addu'a ya ba shi rubutu, ya sha, ya ji sanyi a ransa na kwana biyu. Amma ko ga malam bai faɗi abin da ke cinsa ba, ya ce dai jikinsa ne ba daɗi. Yana da labarin cewa akwai wata mata a likita, wato asibitin garin, Madam Haula, wadda aka ce aikinta sauraren mutanen da suka ga abin da ya fi ƙarfin zuciyarsu. An taɓa kawo ta bariki ta yi jawabi, maza suka zauna suna kallon takalmansu, da ta tafi aka sa mata suna likitar mahaukata. Mumuni na cikin waɗanda suka fi kowa dariya a ranar.

Tsoronsa ɗaya ne, kuma ya san shi sarai: ranar da aka gane Sarjan Mumuni ba ya iya sauka, za a karɓe ɗamarar a ba wani, shi a zaunar da shi bakin tarho yana rubuta kira. A ganinsa gara mutuwa da wannan.

Wata huɗu Allah ya rufa masa asiri, ba a sami kiran rijiya ba sai gobara da haɗarin hanya. Sannan aka kira daga Bambeye, garinsu, wai akuya ta faɗa. Aikin da yakan yi yana waƙa. Ya ɗaura ɗamara, ya sa hular kwano, ya yi wa 'yan garinsu barkwanci, ya sauka. Gaba goma lafiya. Gaba goma sha biyar lafiya. A wajen gaba ashirin warin jiƙaƙƙen yashi ya bugi hancinsa, sai kawai ya nemi kansa ya rasa. Bai suma ba, idonsa a buɗe, yana jin kukan akuyar a ƙasa, amma hannu da ƙafa sun daina karɓar umarni. Bai san iya lokacin da ya ɗauka a haka ba. Ya dai ji ana jan sa sama.

Da ya fito, kafin ya buɗe baki, Alƙasum ya riga ya nuna wa mutane wani wuri a igiyar.

"Ta fara cin kanta nan," ya ce. "Ban yarda da ita ba. Laihina na, ban duba ba da sahe."

Kaporal Aghali, wani dogon Buzu daga arewa wanda shi ma ya iya sauka, ya ɗauki wata igiyar ya fito da akuyar. A bariki adjidan ya wanke Alƙasum tas a gaban kowa, don duba igiya aikinsa ne, har ya hana shi hutun mako. Tsohon ya ƙame yana cewa, "Na ji, mon adjidan." Mumuni kuwa ya koma gida yana hamdala, wai igiya ta lalace daidai lokacin da yake bukata, ba wanda ya gane komai. Mutum mai wayo irinsa, ya kwana da wannan tunani har sati uku bai ga ramin da ke cikinsa ba.

Kiran Tebaram ya zo ranar wata Asabar da safe. Wani makiyayi yana shayar da raƙuma a babbar rijiyar makiyaya, ƙafarsa ta sarƙe da igiyar guga ta ja shi ciki. Yana da rai, ana jin muryarsa, amma ƙafar ta karye kuma ruwa ya kai masa wuya, wani ƙarfe da ya fito daga bango kawai ya riƙe. Tafiyar awa biyu ce a hanyar yashi. Duk tsawon hanyar Mumuni yana gaban mota yana kallon ƙaya da duwatsu.

Sun tarar da jama'a kewaye da rijiyar, Hausawa da Buzaye, raƙuma a durƙushe gefe ba wanda ya kula su. Da aka ga wanda ya sauko daga mota sai magana ta bi taron, "Mumuni na, Mumuni na ya zo." Wata tsohuwa, uwar makiyayin, ta zo ta kama hannun rigarsa. Aka kafa ƙarfe, aka ratsa igiya. Ya ɗaura ɗamara, ya ja kowane maɗauri ya tabbatar, ya taka har bakin rijiyar ya leƙa. Iska mai sanyi ta taso daga ƙasa da warin nan.

Nan ya yi lissafin da ya fi kowane wuya a rayuwarsa, kuma bai ɗauke shi minti guda ba. In ya sauka abin nan ya kama shi a tsakiya, sai an ja shi sama, a kwance shi, a ɗaura wa wani, a sake saki. Rabin awa ke nan. Mutumin da ke ƙasa ya riƙe ƙarfe tun hantsi da karyayyar ƙafa, ba shi da rabin awar da zai ba wani ya gwada ko har yanzu shi namiji ne. Zai iya cewa cikinsa ne ya murɗa, ko ɗamarar ce ba daidai ba, a yarda. Amma ya gaji da ƙarya, kuma ya ga tsohuwar tana kallonsa.

Ya juya ya kwance ɗamarar a gaban kowa, ya miƙa wa Aghali.

"Kaporal, kai za ka sauka," ya ce, da muryar da yake ba da umarni kullum, ba ƙasa-ƙasa ba. "Ni ba ni iyawa. Tun Kalhu ba ni iyawa. In na shiga, mutum biyu za ku hiddowa."

Wani daga baya ya ce, "Wai mi yac ce?" aka ce masa ya yi shiru. Aghali ya dube shi sau ɗaya, ya karɓi ɗamarar ya fara ɗaurawa. Mumuni ya duba masa maɗaurai da kansa, ya gaya masa ya bi gefen gabas don bangon yamma ya tsage, ya fara ɗaure mutumin a ƙirji kafin ya taɓa ƙafar. Sannan ya ja da baya zai koma wajen mota, don a ganinsa aikinsa ya ƙare, watakila har abada.

Alƙasum ya tare shi. Ya matsa daga wurinsa na gaba, wurin da bai taɓa ba kowa ba.

"Sarjan, kai ka san rijiyag ga ciki da waje. Riƙe. Amma hidda safar."

Mumuni ya cire safar ya dafa igiyar. Aghali ya ɓace cikin duhu, aka fara saki. Da farko nauyi kawai ya ji. Can sai ya ji wani abu yana tahowa ta cikin zaren har yatsunsa, ɗan kaɗawa mai sauri wadda ido ba ya gani. Ya ɗauka iska ce, ko ƙarfen ne ke motsi. Ya sake dafawa da kyau, sai ya gane. Jikin Aghali ne ke rawa. Aghali da ya sauka fuskarsa a sake kamar mai zuwa kasuwa, ga shi nan a hannun Mumuni yana ɓari. Yana jin lokacin da ya ja numfashi, yana jin lokacin da ƙafarsa ta nemi bango ta samu. Duk da rawar, mutumin yana sauka, yana aiki.

"A saki. A hankali. Tsaya." Muryar Mumuni ce ke tafiyar da mutanen da ke bayansa. Ya ji ta igiya lokacin da Aghali ya shiga ruwa, ya ji nauyi ya ƙaru da aka ɗaura makiyayin. Bai jira alama ba ya ce a ja, kuma daidai ne. Minti ashirin da biyar aka fito da su biyun, makiyayin yana numfashi yana kiran sunan Allah. Mata suka yi guɗa. Tsohuwar ta faɗi kan ɗanta, sannan ta tashi ta rasa wanda za ta gode wa, ta kama hannun Aghali da ɗaya, na Mumuni da ɗaya.

Ana sa majinyacin a mota, Mumuni ya sami Alƙasum a gefe yana naɗe igiya. Ya tsaya a kansa.

"Tsoho, haka kake jin nawa?"

"Tun ranar hwarko."

"Tun bayan Kalhu, kake nuhi."

"Tun ranar hwarko da na riƙe maka, shekara goma sha huɗu," in ji Alƙasum, bai ɗaga kai ba. "Ba ka taɓa sauka jikinka bai yi rawa ba, Mumuni. Ko sau guda. Kai da Aghali da wanda na riƙe ma kahin ku, duk ɗaya ku ke. Rawa ba ta ba ni tsoro, mai rawa shina da rai, shina aiki. A Bambeye na igiyar tay yi shiru. Na dahwa, na ji awa buhu na rataye. Shi ya sa na ce a ja."

"Igiyar ba ta ci kanta ba ke nan."

"Sabuwa ta. Ni na karce ta da wuƙa muna jan ka."

Mumuni ya tsuguna kusa da shi. Shekara goma sha huɗu yana hawowa daga rami yana buga ƙirji, ashe akwai mutum ɗaya da ya san komai, ya kuma ci gaba da ƙame masa yana ce masa Sarjan. Ya ji kunya, ya ji kuma wani nauyi ya sauka daga wuyansa, har ya rasa wanne ya fi. Hawaye suka zo, bai hana su ba, Alƙasum kuma ya ci gaba da naɗin igiyarsa kamar bai gani ba.

"Mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Ba a kwance ma namiji ɗamara, shi ka kwance abinshi. Yau ka kwance." Ya ɗaure bakin igiyar ya ajiye. "Ka tahi wurin matar nan ta likita. Ƙohwa ta ukku bayan wurin awon jini. Ba ta ba da magani, ba ta kuma kai magana bariki."

"Kai ina ka san ƙohwarta?"

"Hannun da ya ja ka daga Kalhu ya bar Idi, na wa na?" Tsohon ya buɗe tafinsa ya duba. "Wata ukku ke nan ina zuwa, kowace Laraba. Ku kuna cewa kasuwa nika tahiya."

Adjidan bai zaunar da Mumuni bakin tarho ba. Da ya ji yadda aka yi a Tebaram sai ya ce Alƙasum ya kusa ritaya, bariki na bukatar mai riƙo, maganar sauka kuma a bar ta sai yadda hali ya yi. Wasu sun yi gunaguni a bayan ido, wani mahauci ya daina ɗaga wuƙa. Mumuni ya ji zafin wannan, ba zan ce bai ji ba.

Ranar Litinin da safe Kaltumi ta fito masa da doguwar riga da hula, don ta ɗauka zai so ya je ba a gane shi ba. Ya ce ta mayar, ta kawo kakinsa. Ta goge shi ya yi ƙarau, ya sa, ya gyara galonsa, ya tafi a ƙafa ta babbar hanya.

A likita kowa ya san shi, don shekara goma sha tara yana shigowa ƙofar nan da gudu, ɗauke da wani. Ya wuce wurin awon jini, ya ƙirga ƙofa uku, ya zauna a benci tsakanin wata mata mai goyo da wani tsoho, ya ɗora hularsa a gwiwa. Wani ma'aikacin jinya da suka saba ya zo wucewa da tire, ya gan shi, ya tsaya yana dube-dube ko akwai gadon majinyaci a kusa.

"A'a, Sarjan, sannu da aiki. Wa ka kawo muna yau?"

Mumuni ya gyara zama ya dube shi ido cikin ido.

"Yau ni na kawo kaina," ya ce.